Tsohuwar telekomand ta iya tuƙa kwamfuta

Da wuya ka shiga gida a Damagaram ba ka tarar da telekomand ɗin da dikodarta ta mutu ba, ita kuwa lafiyarta ƙalau, tana yashe cikin kwano. Malamin da ke haska darasi a bango, ko mai gidan kallo da ke sa fim daga kwamfuta, yana iya mayar da ita abin juya shafi da tsayar da hoto daga ƙarshen ɗaki. Hanya mafi ƙarancin wahala ita ce a sa kwamfutar ta ɗauka madannai ne aka haɗa mata, ta yadda ba sai an girka wata manhaja a cikinta ba.

Fara da gwada telekomand ɗin. Kunna kyamarar waya, ka auna mata ƙwan da ke goshin telekomand, ka danna. Idon mutum ba ya ganin wannan haske, amma a fuskar waya za ka ga yana ƙyaftawa da launin shunayya. In kyamarar baya ba ta nuna ba, gwada ta gaba, don wasu wayoyin suna tace shi. Kada ka ɗauki ta na'urar sanyaya ɗaki: duk dannawa ɗaya tana aika dogon saƙo mai ɗauke da sanyi da ƙarfin iska gaba ɗaya.

Kayan aikin kaɗan ne: ido mai ƙafa uku da ke karɓar hasken telekomand, wato TSOP38238 ko VS1838B, da allon Arduino (ƙaramin allon lantarki da ake loda wa umarni), Leonardo ko Pro Micro, sai wayar USB. Idon ana iya cire shi ma daga matacciyar dikodar. Allon ne sau da yawa sai an yi saƙonsa daga Kano, kuma nan ake yin kuskure: mai saye ya dawo da Uno don shi ya fi yawa a kasuwa. Uno ɗin da aka saba, wato R3, ba ya iya zama madannai kai tsaye. Leonardo da Pro Micro, masu ƙwaƙwalwar ATmega32U4, suna iyawa.

In ka fuskanci kumburin idon TSOP38238, ƙafafu suna ƙasa, ta hagu ita ce mai fitar da saƙo zuwa allon, ta tsakiya GND (wato negatif), ta dama wuta, bolt 5. Tsohon TSOP1738 jerin ƙafafunsa daban ne, kuma juya wuta da GND yakan sa idon ya yi zafi ya ƙone nan take. Taɓa shi da yatsa da zarar ka ba shi wuta, ka ji ko ya yi zafi.

Lambar 38 ɗin nan tana nufin kilohaz 38, saurin ƙyaftawar da idon ke saurare. Yawancin dikodoji masu araha suna amfani da tsarin aika saƙo da ake kira NEC, mai tafiya a kan 38. RC5 na Philips yana kan 36, na Sony a kan 40. Idon 38 zai ji su, amma nisan zai ragu.

A manhajar Arduino, wadda da ita ake loda wa allon umarni, ka sa laburaren IRremote (tarin umarni na karanta saƙon telekomand), ka loda misalin karɓar saƙo, ka danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya kana rubuta lambar kowanne a takarda. Daga nan sai haɗa aure: wannan lamba ta zama kibiyar dama, waccan ta zama F5 mai buɗe nunin PowerPoint, wata kuma dogon maɓallin tazara da ke tsayar da fim a manhajar kallo ta VLC.

Abubuwa biyu ne ke ɓata aikin a nan. Na farko, in aka riƙe maɓalli, NEC yana aika alamar maimaici kusan duk milisakan 110, sai ka ga dannawa ɗaya ta tsallake shafi uku. A yi watsi da maimaicin ga maɓallan shafi, a bar shi ga na ƙara murya kawai. Na biyu namu ne mu masu madannan Faransa. Laburaren Keyboard, mai sa allon ya zama madannai, yana ɗauka jerin QWERTY na Ingilishi ne, kwamfutocinmu kuwa AZERTY. Ka aika "m" don kashe murya a VLC, waƙafi ne zai fito. Ka aika "a", ya zama "q". Maganinsa a rubuta Keyboard.begin(KeyboardLayout_fr_FR). Kibiyoyi da F5 wannan bai shafe su ba.

Duk maɓallin da aka danna da Keyboard.press sai an sake shi da release, in ba haka ba allon zai yi ta zuba haruffa har ka kasa loda gyara. In hakan ta faru da Pro Micro, haɗa ƙafar RST, mai sake tayar da allon, da GND sau biyu da sauri, za ka samu kamar daƙiƙa 8 na lodawa.

Sauran matsalolin na wuri ne. Ranar da ke faɗowa ta taga tana makantar da idon, haka ma wasu dogayen ƙwayayen lantarki. Juya shi ya ba taga baya. Ƙurar hunturu a goge ta da tsumma. In lambobi na fitowa ba wanda ya danna, sa resistans mai om 100 a layin wuta, da kondansatar 0.1 µF tsakanin wuta da GND, dab da ƙafafun. In kuma kwamfuta ba ta ga allon ba sam, canza wayar USB kafin komai, don da yawa daga na teburin masu caji wuta kaɗai suke ɗauka.