Tarin da na daɗe ina ɗora wa hunturu

Shekarar da na fara aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ke bayan garin Kano, ta wajen Kumbotso, amsa ɗaya nake bai wa duk wanda ya shigo da tari tsakanin Disamba da Fabrairu: "Hunturu ne, zai wuce." Haka na taso ina ji a gida, kuma akwai gaskiya a ciki. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi ne tun zamanin da yake da faɗi. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwaso farar ƙurarsa ta yo kudu maso yamma da ita. Ita ce ke dusashe rana a Kano, har wani lokaci jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Wannan kam babu mai iya tare ta.

Wata asuba a watan Janairu wata mata ta shigo da yaro ɗan shekara huɗu a kafaɗa. Yana jan numfashi, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ƙirjin na fito kamar usur. Muka ba shi maganin shaƙa har ya samu sa'ida. Ina shirin faɗin maganata ta kullum, sai dattijon da muke aiki tare, wanda kowa ke kira Baba, ya sunkuya ya shinshina rigar yaron.

"Hajiya, da me kuke jin ɗumi da daddare?"

"Kaskon gawayi ne, Baba. Sanyin ya yi yawa, sai mu rufe ƙofa da taga."

"Akwai juji kusa da ku?"

"Bayan katangarmu yake. Kullum bayan magariba ake cinna masa wuta."

Kunya ta kama ni ƙwarai. Wannan yaron sau biyu ina ganinsa a watan, ban taɓa tambayar inda yake kwana ba.

Daga ranar na fara lura da unguwar da nake ratsawa kullum. Shekarun baya gonaki ne, yanzu fulotai ne na awon igiya, gini ko'ina, babu kwalta, babu wurin zuba shara. Tifa ta wuce da yashi ta bar ƙura a sama, Adaidaita Sahu ya biyo ta. Da yamma janareto ya tashi, mai shayi da mai tsire su hura wuta, matasa su kewaye tsohuwar taya suna jin ɗumi. Tun da gas ya yi tsada, gidaje da yawa sun koma itace da gawayi. Sharar da ake ƙonawa kuwa yawancinta leda ce da robar ruwa.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, ai da damina ma ana girki, ana tada janareto. Me ya sa sai da sanyi mutane ke cika mana benci? Da na koma karatu na gane. Da daddare ƙasa na hucewa da sauri, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya. Hayaƙin da aka tayar da magariba ba ya samun hanyar tashi, nan yake kwana daidai hancin mutane har rana ta ɗaga. Ga shi babu ruwan sama da zai wanke shi. Wannan shuɗin abin da ke shimfiɗe kan rufin gidaje in an fito sallar asuba, da yawansa daga murhunmu da jujinmu ya fito.

Kuma hayaƙin ya fi ƙurar da ido ke gani lahani. Ƙwayoyinsa da ake kira PM2.5 sun fi silin gashi siranta kusan sau 30, suna wuce hanci su kai can cikin huhu, wasu har cikin jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar waɗannan ƙwayoyi da ta amince da ita zuwa maikurogiram 15 (maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska a yini, 5 kuma a matsakaicin shekara. Gawayi a rufaffen ɗaki yana da nasa haɗarin daban: yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mutum yana barci.

Yanzu kafin in rubuta magani sai na yi tambayoyin Baba. Ina roƙon iyaye su fitar da kasko kafin a kwanta, su yayyafa ruwa kafin shara, mai asma ya sa takunkumi ranar da hazo ya sauko. Amma ba na yi wa kowa faɗa a kan ƙona shara, don wata uwa ta taɓa tambayata, "To Malama, ina za mu kai ta?" Ban da amsa a ranar, abin kuma ya tsaya min a rai. Mun kai maganar wurin mai unguwa, aka daidaita da masu kura su riƙa kwashewa a kan ɗan abin da kowane gida zai iya. Layi uku ne kawai suka riƙe tsarin, har da na su yaron nan. A hunturun da ya biyo baya sau ɗaya mahaifiyarsa ta kawo shi, shi ma don ciwon kunne.