Tsiron masara mai zaƙi a gidan leda: tono saiwa kafin ka ɗauko taki

Da zarar ganyen ƙaramar masara ya sauya launi, abin da ke fara zuwa wa mai lambu a rai shi ne taki ko maganin feshi. A gidan leda kuwa, wato rumfar da aka lulluɓe da leda don renon shuka, wannan gaggawar ce ke ƙarasa shukar da ta fara jigata. A makonni ukun farko, yawancin abin da ake gani a ganye daga ƙasa yake tasowa: ruwa ya yi yawa, ƙasa ta yi sanyi, ko mazubi ya yi wa saiwa kaɗan. Don haka ka zaɓi tsiro biyu ko uku cikin waɗanda suka fi lalacewa, ka tono su da ƙasarsu, ka wanke saiwar a ruwa ka duba. Lafiyayyar saiwa fara ce tas, mai ƙwari, da ƙananan gashi a jikinta. Idan ta yi ruwan ƙasa, ta yi laushi, fatarta na saɓulewa in ka ja da yatsa, to ruɓa ce, kuma babu takin da zai shiga ta irin wannan saiwa.

Masara mai zaƙi ba ta da juriyar masarar gona. Dubi irinta kawai: ya yamushe, ba shi da nauyi, domin sukari ya fi yawa a cikinsa, gari kuwa kaɗan ne. Guzurin da tsiron zai rayu a kai kafin saiwa ta kama ƙasa ke nan bai taka kara ya karya ba, ga shi sukarin da ke tsatsowa daga ƙwayar yana jawo cututtukan ƙasa. Masara ba ta tsira da kyau idan ɗumin ƙasa ya gaza digiri 10 a ma'aunin Selsiyas, nau'in da ya fi zaƙi ma yana son digiri 16 zuwa sama. A lokacin hunturu, musamman a Jos da kewayenta cikin Disamba da Janairu, leda na tara zafi da rana amma ba ta riƙe shi da dare. Iri ya sha ruwan sanyi ya kwana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ya ruɓe ko ya fito a karkace. Maganin wannan shi ne a ɗaga tiren reno daga ƙasa zuwa kan benci, a rufe gefen gidan tun da la'asar, a yi ban ruwa da hantsi bayan rana ta ɗaga. Ban ruwan yamma a hunturu kuskure ne. Idan irin bai zo da magani a jikinsa ba, a gauraya shi da maganin iri irin su Apron Star bisa awon da aka rubuta a jikin ledar maganin. In kuma ka tarar da ramuka a inda ka shuka, babu ƙwaya babu tsiro, aikin ɓera ne, tarko ya kamata.

Zurfin shuka na da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Santimita 3 zuwa 4 ya dace. Saiwar da ke fita daga ƙwaya ta wucin gadi ce; saiwar dindindin tana fitowa ne daga gaɓar da ke can ƙasa kaɗan da fuskar ƙasa. Idan an shuka sama-sama, wannan gaɓar sai ta faɗo a busasshen wuri mai zafi, saiwoyin su kasa fita, sai ka ga tsiro mai ganye huɗu yana rangaji ya kwanta. A tara masa ƙasa mai laima a gindi, yakan farfaɗo cikin 'yan kwanaki.

Kwanciyar da ba ta da magani ita ce wadda gindin kara ya jiƙe, ya tsuke kamar an ɗaure shi da zare. Wannan cutar ruɓar gindi ce, kuma ruwa mai yawa da rashin iska ke kawo ta. A cire waɗanda suka kamu a fitar da su waje, a bar saman ƙasa ya sha iska kafin a sake ba da ruwa. Awon da ya fi sauƙi shi ne yatsa: tura shi har gaɓa ta biyu, in ka ji laima ka bar ruwan sai gobe. Ƙasar reno ma ta zama mai tsiyayar da ruwa, a haɗa ta da yashi da ruɓaɓɓen taki, kuma kowane mazubi ya kasance da huda a ƙasansa.

Sai batun launin ganye, inda aka fi yin kuskure. Tambayar farko: tsohon ganyen ƙasa ne ya sauya, ko sabon da ke fitowa a sama?

Idan tsofaffin ganyaye suka yi launin shunayya, wato ja mai duhu, daga baki-baki, alama ce cewa sinadarin fosfaras ba ya isa ga shuka. Amma sau da yawa yana nan a ƙasar, sanyi ko cushewar ruwa ne suka hana saiwa ɗaukarsa. Da ƙasa ta yi ɗumi sai sababbin ganyaye su fito kore shar, tsofaffin kuwa ba za su koma ba, kuma hakan ba komai. Sai idan ƙasa na da ɗumi, saiwa fara ce, launin kuma ya ƙi tafiya, sannan a binne ɗan takin sufa a gefe. Rawayar da ta faro daga tsinin tsohon ganye tana bin jijiyar tsakiya kuwa yunwar naitirojin ce, kuma ita ce ta fi yawa a mazubin da ake yawan yi wa ban ruwa, saboda ruwan na wanke takin. A nan ne kamfa 15-15-15 ke da amfani: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane gindi, kwana 10 zuwa 14 bayan tsira, a binne shi santimita 5 daga kara. Yuriya sai shuka ta kai gwiwa. Idan gefen tsohon ganye ne ya bushe kamar wuta ta lashe shi alhali tsakiyarsa kore ne, ƙarancin fotash ne, kamfar nan dai za ta wadatar.

Sabon ganye mai faffaɗan farin zane a gefen jijiyar tsakiya, tare da gajerun gaɓoɓi, yana nuna ƙarancin zinki, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar noman arewacin Najeriya. Ana fesa zinki salfet giram 5 a lita ɗaya ta ruwa, da yamma, bayan an gwada a kan tsiro kaɗan. Kada a rikita wannan da cutar zane-zanen masara, wadda ƙananan ƙwari masu tsalle ke yaɗawa: nata zanen sirara ne, a tsittsinke, rawaya, a kan dukkan sabon ganye. Ba ta da magani. A tuge, sannan a duba inda ragar da ke tare ƙwari a jikin gidan ta yage.

Taki ma na kisa. Yuriya ko ɗanyen kashin kaji kusa da ƙwaya yana ƙona saiwa, tsinin ganye ya bushe, shuka ta yi yaushi duk da ƙasa a jiƙe take. A gidan leda babu ruwan sama da zai wanke gishirin taki, shi ya sa ake ganin farin ɓawo a saman ƙasa. A kwarara ruwa sosai sau ɗaya har ya fita ta ƙasan mazubi, a dakatar da taki na mako guda.

Tsiron da ya yi tsawo siriri, fari-fari, yana neman haske ne. Masara 'yar rana ce, ragar inuwar da ta dace da latas ba ta dace da ita ba. Ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan leda tana rage haske sosai, a riƙa wanke ta. A watan Maris da Afrilu kuma matsalar ta juya: ganye na naɗewa da tsakar rana. In ya warware da yamma, shukar na kare kanta ne, a buɗe gefe da sama iska ta ratsa. In ya kwana a naɗe, ƙishi ne ko saiwa ta lalace.

Tsutsar nan mai cin masara (fall armyworm) da ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016 tana shiga gidan leda ta duk kafar da malam-buɗe-littafinta ya samu da dare. Alamar farko ita ce tabo mai sheƙi a ganye, kamar an kankare koren an bar fatar, daga baya sai kashinta mai kama da garin katako a cikin mazurarin ganye, wato tsakiyar shuka inda sabon ganye ke fitowa a naɗe. A duba sau biyu a mako, a murƙushe ƙwayayen malam-buɗe-littafin da ke manne a ganye, a tsince tsutsar da hannu. Idan ta yi yawa, a yi feshin maganin ƙwari na emamektin da yamma, a saita bakin famfo cikin mazurarin. Ko da ta cinye ganye, kada a yi saurin tugewa: har zuwa wajen ganye na shida, idon girman masara yana cikin ƙasa, za ta iya sake tohowa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masarar da aka bari ta tsufa a tire. Masara ba ta son a taɓa mata saiwa, kuma ba ta yafe matsi. Bayan mako biyu zuwa uku, da ganye uku ko huɗu, dole ta bar mazubi. Idan saiwa ta naɗe kamar gammo, shukar za ta tsumbure, ta fitar da furen sama tun ba ta kai ƙugu ba, goyon kuma ya zo ƙarami. Irin wannan gara a sake shuka. A yi amfani da mazubi mai zurfin santimita 10 ko fiye, ƙwaya ɗaya a kowanne, a dasa da yamma da ƙasarta a dunƙule, tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin gindi, 60 zuwa 75 tsakanin layi.

Kuma tun ranar dashe a tuna cewa iska ce ke yi wa masara barbara, gidan leda kuwa ba shi da ita. A jera shukar layi huɗu ko fiye a dunƙule maimakon dogon layi ɗaya. Idan gemu ya fito, a riƙa girgiza kara kowace safiya bayan raɓa ta bushe, har tsawon mako guda, kafin zafin ciki ya haura digiri 35, domin daga nan garin furen yake fara mutuwa.