Abin da Kitso Ya Koya Mini Game da Kwarkwata a Kan Manya

Mai kitso tana ganin abin da mai kai ba ta gani. Mace za ta shekara tana duba fuskarta a madubi ba ta taɓa ganin ƙeyarta ba. Ni kuwa da ta zauna a gabana ta kwance ɗankwali, na zura kibiya na yi tsagar farko, na san ko tana da amosani, ko makero ya taɓa ci mata wuri tana yarinya, ko man sakin gashi ya ƙona ta. Haka nan nakan gane tana da kwarkwata, sau da yawa kafin ita ta sani, ko dai kafin ta yarda ta sani.

A gidajenmu kwarkwata abin yara ce, ta 'yan makarantar kwana da suka dawo hutu da 'yan Islamiyya masu musayar hijabi. Amma a kan tabarmata na ciro ta daga kan matan aure, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, har da amarya ana saura mako ɗaya biki. Kusan duk a wajen 'ya'yansu ko ƙannensu suka ɗauko. Kwarkwata ba ta tashi, ba ta tsalle, rarrafe kawai take yi, don haka babbar hanyarta ita ce kai ya haɗu da kai: uwa ta kwana da 'yarta a matashi ɗaya, ko yaya da ƙanwa sun haɗa kai suna kallon waya. Kuma ba ruwanta da tsabta. Jini take sha, ba dauɗa ba, mai wanke kai duk Juma'a ma tana samu.

Wannan bayanin ba ya shiga kunnen babbar mace a ranar da aka gaya mata. Abin da take ji kawai shi ne an ce mata ƙazama. Gwaggona da ta koya mini sana'ar ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba, kuma hanyarta nake bi har yau. Idan na gani, sai in ci gaba da taza kamar ban ga komai ba, can in ce, "Hajiya, hasken nan bai ishe ni ba, mu shiga daga ciki." Sai mun shiga na sake labule nake ɗora mata guda ɗaya a kan farin ƙyalle ta gani da idonta. Wata ta yi shiru, wata ta ce, "Wallahi Anti, ina wanke kaina." In ce na sani, ai ni nake taɓa kan, ki gaya mini wace yarinya ce take susa a gida. Nan take za ki ga ta tuna.

Na fi damuwa da kunyar a kan kwarkwatar, domin kunya ce take kai mata ga guba. Macen da ba ta son kowa ya ji ba za ta tsaya a kemis ta ce a ba ta maganin kwarkwata ba. Abin da ke ɗaki za ta ɗauka: fiya-fiya, ko Sniper, ko kananzir, ko ta daka kafur ta kwaɓa da mai. Ta shafe kai da daddare, ta ɗaure da leda, ta kwanta. Sniper maganin ƙwarin gona ne, sinadarin da ke cikinsa dichlorvos, kuma ba sai an sha ba, ta fata ma yana shiga jiki, balle fatar kan da aka yi makonni ana susa ta sassale. Yana kawo zubar miyau da gumi da amai, numfashi ya sarƙe. A 2019 jaridu sun ruwaito rasuwar wata 'yar hidimar ƙasa a Jihar Osun bayan ta sa shi a gashinta don kashe kwarkwata, kuma a shekarar ne hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Duk da haka har gobe mata suna zuwa mini kansu yana warinsa. Kananzir kuwa, ki shafa shi ki nufi madafa ki kunna gas, me kike jira? Duk wadda ta zo mini da wannan warin, kafin mu yi wata magana sai an wanke kan tas, idan kuma tana jin jiri ko tashin zuciya, asibiti nake cewa a wuce da ita.

Abin takaicin, bayan duk wannan kasada kwarkwatar takan dawo. Sai matar ta ce maganin bai yi ƙarfi ba, ta ƙara wanda ya fi shi. Ba ƙarfi ba ne matsalar, lissafin kwana ne. Babbar kwarkwata ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, tana rayuwa kusan kwana 30 a kai, kuma ta macen tana zuba ƙwai 6 zuwa 8 a rana. Tana manna kowane ƙwai a jikin silin gashi dab da fata, inda ɗumi yake, da wani danƙo da ruwa da sabulu ba sa narkarwa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10, 'yar da ta fito kuma tana bukatar mako guda ko fiye kafin ta isa yin nata ƙwan. Yawancin magunguna masu rai suke kashewa, ƙwai da yawa suna tsira. To kin kashe iyaye yau, bayan mako 'ya'ya sun fito, bayan wani makon su ma sun zama iyaye. Duk dabarar ita ce ki kama 'ya'yan a tsakanin fitowarsu da balagarsu. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin.

Ragowar rabin shi ne inda mai gashi mai cika take shan wahala, kuma nan ne sana'ata ta fi yi mini rana. Takardar da ke cikin kwalin magani tana cewa a shafa, a taje da mataji mai ƙananan haƙora. Wanda ya rubuta bai taɓa gwada zura wannan matajin cikin cukurkuɗaɗɗen gashin Bahaushiya da aka tsefe yanzu ba. Ba ya shiga. Idan kika matsa, ko haƙoransa su karye ko gashin ya tsinke.

Ga yadda nake yi. Farko sai an tsefe kitson gaba ɗaya, idan da ƙarin gashi a cire a ƙulle a leda a zubar. Babu maganin da ke ratsa shuku ko ƙananan kitso ya kai ga fata, kuma ƙarƙashin kitson, musamman ƙeya da bayan kunne, nan ne matattararsu. Sai a jiƙa kan a cika shi da kwandishana, wato man laushin gashi da ake sawa bayan shamfu, har ya yi santsi sosai. Santsin yana amfani biyu: mataji yana wucewa, ita kuma kwarkwata tana kasa gudu, don a busasshen kai kafin ki buɗe tsaga ta riga ta sulale. In warware da babban mataji, in raba kan gida takwas ko fiye, in tufke kowane gida. Sai in kwance gida ɗaya, in yanki siririyar tsaga da kibiya, wadda faɗinta bai wuce na matajin ba kuma ina hango fata ta cikinta, in kafa matajin kwarkwata a gindin gashi har ya taɓa fata, in ja har ƙarshe. Kowane ja sai na goge shi a farin ƙyalle na duba. Tsagar da na gama in murɗe ta gefe guda, kada ta haɗu da wadda ban taɓa ba. Matajin ƙarfe mai dogayen haƙora nake amfani da shi, na roba bai da amfani a irin gashinmu. Kai mai cika yana cin awa biyu, wani ya fi, kuma babu mai iya yi wa kanta da kyau. Ba ki ganin ƙeyarki, hannunki kuma zai gaji tun ba ki kai rabi ba. Dole sai kin yarda da mutum ɗaya, ko ƙanwa ko aminiya ko mai kitsonki.

A kan ƙyallen za ki ga manya masu duhu suna motsi a hankali cikin kwandishana, da ƙanana da kamar ba za ki gan su ba. Ƙwai kuwa mataji ba ya kwashe su duka, wasu sai da farce ake zare su tun daga gindi har bakin sili. Ta nan ake bambanta shi da amosani: amosani da kin kaɗa yake faɗuwa, ƙwai yana nan daram. Mai rai ruwan ƙasa ne, yana kusa da fata, idan kika matse shi tsakanin faratan manyan yatsu za ki ji ya ce ƙas. Fararen da ke can tsakiyar gashi yawanci ɓawo ne. Gashi yana tsiro kamar santimita 1 a wata, duk ƙwan da ya yi nisa da fata ya daɗe da fashewa. Ina faɗar haka ne don na ga matan da suke ta maimaita magani wata da watanni saboda fankon ɓawo, alhali babu mai rai ko ɗaya a kansu.

Wannan tazar ba sau ɗaya ake yi ba. Tsarin da hukumar lafiya ta Ingila take bayarwa, wanda na ga yana aiki a hannuna, shi ne rana ta 1, da ta 5, da ta 9, da ta 13, sannan a sake dubawa a ta 17. Duk wadda ta ƙyanƙyashe a tsakani za a kama ta tun ba ta yi ƙwai ba. Ma'ana mako biyu da 'yan kai babu ƙananan kitso. Manyan kalaba huɗu ko shida nake yi mata, waɗanda za a kwance cikin minti biyar. A nan muke yin rigima da mata, musamman gab da Sallah. "Haba Anti, da kalaba zan yi Idi?" E, da kalaba, ai da ɗankwali za ki fita. Ni ma asara nake yi, don kuɗin kitson Sallah ba kaɗan ba ne, amma ba zan rufe ƙwai a ƙarƙashin kitson da zai yi wata guda ba.

Wadda take son magani, akwai na gaskiya a kemis. Ɗaya daga ciki shi ne mai ɗauke da sinadarin permethrin 1%. A wanke kai da shamfu zalla a cire duk mai, ko na kaɗanya ne ko na kanti, kuma kada a sa kwandishana kafin shi, don yana hana maganin kama gashi. A tsane ruwan, a shafa tsaga-tsaga kamar yadda ake shafa man sakin gashi, a bari minti 10, a ɗauraye, kada a sake wanke kan sai bayan kwana ɗaya ko biyu. A maimaita a rana ta 9. Kwalba ɗaya da aka auna da kan yaro ba ta isar babbar mace mai gashi, sau da yawa sai biyu, kuma rashin isar nan ne yake sa a ce magani na jabu ne. Amma gaskiya ne a wurare da yawa kwarkwata ta saba da permethrin. Idan an yi yadda ya kamata sau biyu kuma ana ganin masu rai suna yawo da ƙarfinsu, kada a ƙara na uku, a koma wajen ma'aikacin lafiya ya canza wani, kamar dimeticone, wanda lulluɓe ta yake yi ba guba ba. Mai ciki da mai shayarwa su tambaya kafin su sa komai, ko su tsaya a kan taza. Idan kuma susa ta zama gyambo yana ruwa, ko kaluluwa ta fito a wuya, wannan ya wuce aikin mai kitso.

Man darbejiya da man kwakwa da lalle da karkashi, duk ana kawo mini labarinsu. Ba na hana kowa, mai yana taimaka wa mataji ya wuce, amma wadda ta warke da su idan kika bincika za ki tarar ta yi taza sosai. Man sakin gashi kuwa a kan da ke da ƙuraje, na ƙi, ko nawa za a biya. Aski yana raba mutum da ita, shi ya sa maigida da samarin gida ba su cika shiga wannan hidimar ba, amma ban taɓa ganin dalilin da zai sa babbar mace ta aske kanta a kan abin da mataji yake magani ba.

'Yan mata masu waya sukan ce mini sun karanta cewa kwarkwata ba ta kama gashin baƙar fata. A Amurka aka lura ba ta cika kama baƙaƙen can ba, kuma ana ganin faratan kwarkwatar can sun fi dacewa da wani irin silin gashi. Tamu ta nan da gashinmu ta tashi.

Batun kayan gida ba ya bukatar tashin hankali. Kwarkwatar da ta bar kai ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu take mutuwa. Rigar matashi da zanin gado da ɗankwali da hijabin da aka sa a kwana biyun nan, a wanke da ruwa mai zafi sosai a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda mako biyu. Mataji da kibiya a jiƙa su a ruwan zafi minti 10, ni a shago fulas ɗin ruwan zafi ba ya rabuwa da gefena saboda haka. Ba sai an fesa wa katifa komai ba. Abin da ya fi wanki muhimmanci shi ne a duba kan kowa a gidan, duk mai ita a fara masa rana ɗaya da ke. Idan kin gyara naki kin bar na Auta, kin yi aikin banza.

Ƙaiƙayi yakan ci gaba 'yan kwanaki bayan an gama da su, wani lokaci kuma yana tsayawa tun aiki bai ƙare ba. Na biyun ne ya fi ba ni matsala. Bayan zama na biyu mace ta ji kanta wasai, sai ta ɓace, sai bayan wata ta dawo tana susa da bakin biro ta cikin ɗankwali. Shi ya sa yanzu kuɗin zama huɗun nake karɓa tun ranar farko, in rubuta mata ranakun a takarda, in ce kitson rana ta 17 kyauta ne idan ta cika su. Tun da na fara haka, masu ɓacewa sun ragu ƙwarai.