Daren da na kwafi setin wani na rasa nawa

Har yau in na tuna daren Juma'ar nan sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Gasa ce 'yan unguwa suka haɗa a wani shago ta Call of Duty Mobile, gem ɗin harbi na waya, tim takwas kowace mutum biyar, ranar Asabar bayan la'asar za a fara, kuma mun kusa wata biyu muna atisaye ni da abokaina huɗu. A lokacin da yatsu biyu nake bugawa, manyan yatsun nan kawai, na hagu yana tafiya na dama yana juyi da harbi, haka na saba tun da na sauke gem ɗin a ƙarshen 2019 bai daɗe da fitowa ba. Ba wai na fi kowa ba ne amma hannuna ya san inda komai yake, ko ban kalli sikirin ba zan yi rilod, wato sake loda harsashi, zan yi silayid, wato sulɓewa a ƙasa, zan jefa gurneti.

Toh daren nan wajen ƙarfe sha ɗaya ina kwance ina kallon YouTube sai na faɗa kan wani ɗan wasa da ke buga yatsu huɗu, wallahi yadda yake tsalle yana harbi yana juyawa duk a lokaci ɗaya sai na ga kamar ni wasan yara nake yi. A ƙarshen bidiyon ya nuna setinsa gaba ɗaya. Na dinga tsayar da bidiyon ina kwafar lambobin sensitibiti, wato saurin juyawa in ka ja yatsa, ɗaya bayan ɗaya, na kyamara, na harbi, na kowane sikof, wato madubin saitin bindiga, sannan na shiga wajen jera maɓallai na ja kowanne na kai shi inda nasa yake, na danna sebin. Ban ɗauki hoton nawa na da ba. Wannan ita ce maganar, ko sikirinshot ɗaya ban yi ba, setin da na shekara ina gyara shi kaɗan-kaɗan na goge shi a cikin minti ashirin.

Na shiga wasa biyu da bot, wato 'yan wasan da kwamfuta ke sarrafawa, a daren na ga ina kashewa, nace shikenan gobe za su ga abu. Bot kuwa ai ko da ƙafa kake bugawa za ka kashe su.

Washegari wasan farko Search and Destroy ne, wasan dasa bom da kwance shi, a filin da ake kira Crash, kun san dai yadda yake, in aka kashe ka sai wani zagayen. Tun zagaye na farko na gane akwai matsala, in na ɗan taɓa sikirin don in leƙa kwana sai in ga na juya baya gaba ɗaya ina kallon bango. Amma wanda ba zan manta ba shi ne zagayen ƙarshe. Saura ni da mutum ɗaya, sun dasa bom, na zagayo na same shi ya ba ni baya yana gadin ɗaya ƙofar, bai ma san na zo ba, abokaina sun taru a kaina wani ya dafa kafaɗata yana cewa a hankali mutumina a hankali. Babban yatsana na dama ya tafi inda ya saba samun maɓallin harbi tsawon shekaru, a sabon tsarin kuwa maɓallin rilod ne a wurin, na harbin ya koma can sama ta hagu inda manuniya ya kamata ta danna. Ina ji ina gani sojana ya cire magazin a bayan mutum, ya ji ƙarar ya juyo ya zuba min. Shagon ya ɗauki ihu. Kyaftin ɗinmu bai ce min komai ba sai da muka fito, ya karɓi wayata ya duba yace, "Kai waye ya taɓa maka setin?" Nace ni ne, jiya da daddare. Kallon da ya yi min ya fi zagi ciwo.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da na koma gida na so in mayar da tsohon, na kasa. Na tuna kusan inda maɓallan suke amma kusan ba ya aiki a wannan harkar, in maɓalli ya matsa da rabin santimita ko girmansa ya canza kaɗan yatsa zai dinga kuskure shi, lambobin sensitibiti kuwa ko ɗaya ban riƙe ba. Sai na zama ba ni ga tsuntsu ba ni ga tarko, sabon ban iya ba, tsohon ya tafi. Cikin sati ɗaya na sauko daga matakin Masta zuwa na Furo a rank, wato wasan hawa matsayi, saboda taurin kai, ina ta shiga ina cewa zan saba.

Sai daga baya na koma na sake kallon bidiyon da idon basira na ga abin da ban gani ba daren nan. Mutumin a iPad yake bugawa, kuma a kan tebur take a jingine. Sikirin ɗinsa ya kai inci sha ɗaya, nawa inci shida da ɗan wani abu, nasa mai faɗi ne kusan murabba'i, nawa dogo ne siriri. Jan yatsa na santimita biyu a wajensa ɗan ƙaramin yanki ne na sikirin, a wajena kuwa wani babban kaso ne, shi ya sa lambar da ke ba shi juyi daidai ni take wulwula ni. Sannan shi ba ya ɗauke da nauyin na'urar, tebur ne ya ɗauke masa, yatsunsa huɗu a sake suke. Ni kuwa in na ɗaga manuniyoyi biyu sama, sauran yatsu uku-uku ne za su riƙe wayar ta baya, bayan minti arba'in tsintsiyar hannuna ta dama ta fara zogi har zuwa gwiwar hannu, akwai ranar da ko biro na kasa riƙewa da kyau a wajen aiki. Duk wannan a fili yake a bidiyon, zumuɗi ne ya rufe min ido.

Ƙanina ne ma ya fara dawo da ni hanya, shi Free Fire yake bugawa amma ya fi ni haƙuri. Yace, "Yaya ka bar huɗun nan, ka gwada uku mana." Haka na yi. Na bar maɓallin harbi a sama ta hagu don manuniyar hagu, na ƙara masa girma sosai yadda ko ban saita ba zan same shi, hannun dama kuma na bar shi ya riƙe waya yadda ya saba. Ribar da ke cikin wannan ita ce babban yatsan dama ya huta da harbi, aikinsa saiti kawai, don matsalar yatsu biyu kenan, lokacin da kake danna harbi ba ka iya tsalle ko durƙuso sai ka ɗaga yatsa. Sikof da tsalle da durƙuso na jera su a dama a kan layin da yatsan ke bi da kansa in na lanƙwasa shi, ban duba inda ya fi kyau a ido ba. Dabarar da na yi, na shafa wa sikirin ɗan maiƙo da gangan na rufe ido na motsa yatsan yadda ya ga dama, sai na duba sawun da ya bari, a kan wannan bakan na ɗora maɓallan. Rilod kuwa na kai shi can nesa inda sai na yi niyya zan taɓa shi, kuma na rage masa girma. Wannan maɓallin ba zai sake yi min abin da ya yi min a Crash ba.

Kar ku manna maɓalli a bakin sikirin sosai. Wayoyin yanzu in ka ja daga gefe ko daga sama sai su ɗauka fita kake son yi ko sanarwa kake son gani, ni sai da na mutu sau da yawa labulen sanarwa ya sauko min a tsakiyar faɗa kafin na matso da maɓallin harbin ciki kaɗan. Waɗanda ba ka danna su kullum kuma ka rage musu haske su zama kamar inuwa, don kar su tare maka ganin abokin gaba.

Sensitibiti shi ya fi cin lokaci. Na fara mayar da yanayin juyi zuwa wanda gudunsa ba ya canzawa, wanda suka rubuta Fixed Speed, saboda sauran zaɓi biyun da ke wurin suna ƙara gudu gwargwadon saurin jan yatsa ko nisansa, kuma ni in na firgita ina fizgar yatsa ne, sai juyin ya wuce inda nake so. Daga nan na shiga filin atisaye na tsaya wuri ɗaya, na ɗora yatsa a tsakiyar ɓangaren dama na ja shi zuwa gefe jan da ba takura, ina so wannan jan ya juya ni baya cif, ba ƙari ba ragi. In ya wuce in rage biyar, in bai kai ba in ƙara biyar. Da na samu wannan sai na koma kan na sikof, shi dole ya yi ƙasa da na juyin gama-gari, kuma duk yadda sikof ya ƙara jawo abu kusa haka lambar ke ƙara sauka, na sinaifa shi ne mafi ƙanƙanta a wajena. Akwai kuma na lokacin harbi daban, wanda shi ke taimaka maka danne bindiga in tana ɗagawa sama, na gwada shi da bindigar AK117 a jikin bango ina kallon inda harsasai ke sauka har suka daina hawa kamar tsani.

Ba zan rubuta lambobina a nan ba, da gangan. In na rubuta wani zai kwafa a wayar da ba irin tawa ba da hannun da ba irin nawa ba, ya je ya yi rilod a bayan mutum.

Dokar da na kafa wa kaina bayan abin nan, abu ɗaya nake canzawa a rana, in buga wasa goma da shi a filin Shipment ko na Nuketown inda faɗa ba ya yankewa, ba a rank ba, kuma ba da bot ba. In na canza uku a tare na ga na lalace ba zan san wanne ne ya jawo ba. Kuma kafin in taɓa komai sai na yi sikirinshot na kowane shafi, na tura wa kaina a WhatsApp, yanzu haka akwai hotunan seti sun fi talatin a can kowanne da kwanan wata. Da na yi wannan ɗan aikin na sakan goma a daren Juma'ar nan, da ko na yi waccan wautar zan iya mayar da komai da safe kafin mu tafi.

Jairo, wato saiti ta hanyar karkata waya, na gwada shi a makare. A buɗe koyaushe ban iya ba, jiri yake sa ni, amma na saita shi ya yi aiki in na ɗaga sikof kawai kuma a ƙasa sosai, sai ya zama yatsa ya kai ni kusa, ɗan karkata waya ya ƙarasa saitin kai. Sai dai fa yana son zama, in kana kwance a katifa kana juye-juye ba zai yi maka ba.

Wani abin da ba ya cikin menu amma yana canza komai a garinmu shi ne gumi. Lokacin zafi, watan Afrilu haka, yatsa yana manne wa gilas yana tsalle, lokacin hunturu kuma fata ta bushe wani sa'in sikirin ba ya ma jin taɓawar. Kwana biyu ina zargin sensitibiti ashe gumi ne. Da ina barbaɗa hoda, daga baya na sayi 'yar safar yatsa a kasuwar waya ta Farm Centre, tun daga nan jan ya zama iri ɗaya safe da dare. Girafik kuma na sauke shi ƙasa na ɗaga firem, wato santsin motsin hoto, don in waya ta ɗau zafi ta fara sarƙewa duk setin da ka yi na banza ne, ina cire mata kes ma in zan daɗe.

Sati uku ya ɗauke ni kafin manuniyar hagu ta fara harbi da kanta ba sai na tuna mata ba, wata biyu kafin na koma Masta. Gaskiya yanzu na fi da iyawa, ina tsalle ina harbi ina saiti a tare, hannuna kuma ya daina ciwo. Amma gasar ta wuce, tim ɗin da ta cire mu a wasan farko ita ta kai ƙarshe, kuma a gasa ta gaba kyaftin ya sa wani a gurbina, ban ce komai ba don da ni ne shi haka zan yi. Makon jiya ya kira ni yace akwai wata bayan sallah, in ina so in dawo, amma da sharaɗi zai karɓi wayata ya ɗauki hoton setin sati biyu kafin ranar, kuma zai sake dubawa a bakin ƙofar shago. Nace masa na yarda.