Faɗa-wutan da babu shi a littafi: tafiyarmu Andasibe

Ni dai tun ranar da Malam ya ce in shirya zan raka shi Madagaska kamun faɗa-wuta, abu ɗaya ne a raina, in ga faɗa-wuta mai dogon harshen nan da masanin halittu Charles Darwin ya yi hasashensa da idona in ɗauki hoto in dawo in cika baki. Toh ban gan shi ba, gara in faɗa tun yanzu. Abin da muka dawo da shi wani ɗan mitsitsi ne ruwan ƙasa wanda in ya sauka maka a riga kakkaɓewa kawai za ka yi, kuma shi ne har yau ya hana mu sakat.

Mun sauka filin jirgin Ivato a Antananarivo cikin Disamba, damina ta kankama. Kwana biyu muka yi a birnin kan takardu, don ba a shiga dajin ƙasar a kama ko ƙwaro ɗaya sai da izinin bincike, fita da shi waje kuma izininsa daban. Daga nan muka hau hanyar RN2 wadda ta nufi Toamasina, Andasibe, dajin da za mu yi aikin, wajen kilomita 140 ne kacal amma sai da muka ci kusan awa huɗu, hanya ce mai kwana-kwana ga manyan motoci suna rarrafe a hawa, ni dai kafin mu kai Moramanga kaina ya gama juyawa, ban ƙara ɗaga ido ba sai da aka ce mun iso. Washegari da sassafe wani kuka ya tashe ni kaman jiniya daga cikin kurmi, na zabura, ɗan jagoranmu yana dariya ya ce indri ne, mafi girman dabbobin nan masu kama da biri da ake kira lemur.

Aikin ba wani abun burgewa ba ne a ido. Farin zanin gado ake ɗaurewa tsakanin bishiya biyu, a rataya kwan fitila mai ƙarfi a gabansa, a tada ƙaramin janareto, shikenan sai jira. Malam ya zaɓi kwanakin duhun wata da gangan, don in farin wata ya fito fitilarka ba ta da kasuwa. Dare mai ɗumi da lema ba iska shi ne daren cin riba, kuma mun dace da shi a kwana na uku. Wajen ƙarfe tara zanin ya soma cika, zuwa sha ɗaya wallahi ba ka ganin farinsa, suna faɗa maka a fuska a wuya har cikin kunne, ga matsattsaku ta ƙasa suna nasu aikin, sai da na cire takalmi na ga safa ta jiƙe da jini ban ma san sanda suka kama ni ba.

Can sai ga wani ƙaton faɗa-wuta da ake kira Argema mittrei ya iso, rawaya shar, faɗin fikafikansa ya kai santimita 20 ga wasu dogayen jela biyu yana ja. Na rikice ina ta ɗaukar hoto. Ɗan jagoran ya ce kwana huɗu zuwa biyar kawai yake yi a duniya bayan ya fito daga kwansonsa, ba ya cin komai, bakin ma bai da amfani. Na juyo in nuna wa Malam, ashe shi ko kallo bai ishe shi ba, yana durƙushe a gefen zanin ta ƙasa da tocila a goshi.

Ya ce, "Kai ɗan nan, bar wannan, duniya ta san shi tun ƙarni na 19. Miƙo min kwalba."

Na ce, "Malam wannan ɗan abun? Ai irinsa sun fi ɗari a nan."

Ya ce, "Duba dai da kyau."

Na duba. Bai kai tsawon farcen ɗan yatsa ba, amma a fiffiken gaba akwai wani siririn layi fari da ya lanƙwasa kaman lauje, ga ɗigo biyu baƙi a kusa da gefe, kuma yadda ya zauna ya ɗaga gaba ya kwantar da baya daban yake da na kusa da shi. Biyu muka samu a daren. Kuma a nan na tafka ta'asa, garin tura na biyun cikin kwalba na sa babban yatsa a bayansa, ƙurar nan da ke fiffike ta biyo hannuna, ashe ita ce zanen gaba ɗaya, ƙananan ɓawo ne jere kaman rufin kwano, in suka goge sai fatar banza. Malam bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi ya ce gobe ni zan rubuta lakabi duka, kuma gara faɗan da wannan.

Lakabin nan kuwa na raina shi da farko. Ƴar takarda ce da ake sokewa a fil ɗaya da ƙwaron, a rubuta ƙasa, wuri, lambobin GPS, tsayin wurin daga teku, kwanan wata, sunan wanda ya kama da yadda aka kama. A cewar Malam ƙwaron da ba lakabi shara ne ko da kuwa shi kaɗai ya rage a duniya. Na wuni ina rubutu da ƙananan haruffa har idona ya yi ja, shi kuma yana shimfiɗa fikafikai a kan katako da fil siriri kaman gashi, numfashi ma a hankali yake yi kar ya hure su.

A wannan zaman ne na tada maganar mai dogon harshen, don har lokacin raina na kansa. Labarin dai a 1862 aka aiko wa Darwin wani fure ɗan asalin Madagaska, Angraecum sesquipedale, ruwan zaƙinsa na can ƙasan wani bututu mai kusan santimita 30, ya ce lallai akwai faɗa-wutan da harshensa ya kai can. Wallace, wani masanin halittu, ya mara masa baya a 1867. Darwin ya rasu a 1882 bai gani ba, sai 1903 masana ƙwari Rothschild da Jordan suka bayyana faɗa-wutan suka sa masa praedicta, wato wanda aka yi hasashensa. Duk wannan na sani. Abin da Malam ya ƙara min shi ne su a lokacin reshe suka ɗauke shi na wani jinsin faɗa-wuta, Xanthopan morganii, da ke nahiyar Afirka, sai a 2021 Joël Minet da abokan aikinsa suka sake zama a kansa, suka ƙirga bambanci 25 a siffa, suka ga DNA ɗin ma ya yi nisa, sannan aka ce jinsi ne mai zaman kansa. Shekara 118 kenan, ga ƙwaro ƙato da kowa ya san da zamansa. Na kalli namu ɗan mitsitsin jikina ya yi sanyi.

Bayan mun dawo ɗakin bincike ne aka shiga ainihin wahalar. Zanen fiffike ba ya isa hujja, jinsi biyu na iya kama kaman an tsaga kara, jinsi ɗaya kuma na iya fitowa kala-kala. Al'aura ake dubawa, na san wani zai yi dariya amma gaskiyar kenan, ta namiji da ta mace kaman kwaɗo ne da mukulli, kowane jinsi da irin ƙirarsa. Aka ɓalle cikin, aka jiƙa a ruwan sinadarin KOH mai kashi 10 cikin ɗari ya narkar da tsoka ya bar ƙashin, aka wanke, aka rina, aka shimfiɗa a gilashi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da na leƙa sai na ga wasu hannuwa biyu kaman awartaki da ƙugiya a sama, a abin da ido bai ma gani sosai. Ƙafa ɗaya kuma aka cire don DNA, wani yanki ake karantawa na ƙwayar gado da ake kira COI, mai haruffa 658, dabarar da Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya kawo a 2003. Muka sa sakamakon a BOLD, rumbun irin waɗannan bayanan DNA da ke intanet, babu wanda ya yi daidai da shi.

Na daka tsalle na ce, "Malam mun samu sabo!"

Ya ce, "Zauna. Abin da wannan ya nuna kawai ba wanda ya taɓa ɗora irinsa a intanet."

Kuma da gaskiyarsa. An bayyana faɗa-wuta kusan 160,000 a duniya, da yawansu tun kafin a san DNA, wasu da layi uku na Latin ba ko zane. Na Madagaska kuma Pierre Viette, wani masanin ƙwari Bafaranshe, shi kaɗai ya raɗa wa ɗaruruwa suna, samfuransa na asali galibi suna gidan adana halittu na Paris, wasu tsofaffin suna Landan. Galibi suna yana ɗaure ne da ƙwaro guda ɗaya tak da ake kira holotype, in ba ka gwada naka da duk na danginsa ba, kana iya raɗa wa mai suna suna, wani ya zo daga baya ya soke naka, a dokar raɗa wa dabbobi sunan kimiyya, ICZN, wanda ya riga shi ke da suna. Sai an tsallake wannan kafin a zo rubuta bayani, awon fiffike, launi, jijiyoyi, zanen al'aura, abin da ya raba shi da na kusa, a fitar a mujallar da masana suka tace, a ajiye samfurin a inda kowa zai iya zuwa ya duba.

Ni har na gama zaɓo suna a raina, ban dai faɗa wa Malam ba. Yanzu haka muna jiran hotunan samfura uku daga Paris, kuma duka biyun da muke da su maza ne, ɗayan ma shi ne wanda na goge wa baya, mace ko ɗaya babu, ba mu san ganyen da tsutsarsa ke ci ba. A durowa lamba ce kawai a jikinsa da "sp." a gaban sunan danginsa, wato ba a tantance jinsinsa ba tukuna. Malam ya ce in duhun watan Disamba ya zagayo za mu koma, kuma wannan karon in sayi doguwar safa.