Darussan ɗebo samfur a Kogin Kaduna

Yawancin rahotannin da ke cewa ruwa “lafiya ƙalau yake”, tun a bakin kogi aka gama da su, kafin kwalba ta ga ƙofar ɗakin gwaji.

Dabarar ba ɓoyayya ba ce. Oga zai danne takardar fita tun Fabrairu, kullum “ba a saki kuɗi ba”, sai Agusta ya ce a shiga mota. A lokacin kogi ya cika ya batse, ruwan sama ya surke duk abin da magudanun Kakuri da Makera, unguwannin masana'antu, ke zubowa. A awo, gubar dalma ta fito ƙasa da miligiram 0.01 a lita, iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha, a ɗaure rahoto a ajiye. Alhali masu noman rani a Maris da Afrilu suke jan ruwan nan da inji zuwa kan alayyahu da latas, lokacin da kogi ya janye, dattin bai samu abin surki ba. Ranar da wani ya sake awo da rani ya ga akasin haka, sa hannun ƙaramin ma'aikaci za a nema, ba na wanda ya zaɓi watan ba. Don haka ka rubuta buƙatar fitan rani, ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafi a gida. Kuma wurin ɗiba uku ne: saman bakin magudana, daidai bakinta, da ƙasanta. Wanda ya ce maka na sama ya wadatar ya san abin da yake yi.

Sai kwalba. Samfurin ƙarafa a roba ake zuba shi, wadda ta kwana cikin ruwan nitirik asid kashi 10 cikin 100, aka ɗauraye da tataccen ruwa, sannan sau uku da ruwan kogin. Nan take a ɗiga asid, wajen mililita 2 a lita, har pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2, a sa a cikin kula, akwatin sanyi, tare da ƙanƙara. In ba a yi ba, dalma takan manne a jikin robar, injin awo ya karanta ƙasa da gaskiya. Samfurin awon maganin ƙwari kuwa kwalbar gilashi mai duhu yake so, a tsamo maganin daga ruwan a ɗakin gwaji cikin kwana 7. Gorar ruwan sha da direba ya wanke ba kwalbar samfur ba ce, ko da an manto na ofis.

Ruwa wucewa yake yi, laka ce ke ajiya. Ka ɗebo ta daga sama-sama, ka kuma sayi tarwaɗa a hannun masuntan wurin, a auna hanta da ƙoda daban da tsoka, don can dalma da kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, suka fi taruwa.

Ka tambayi mutane dabbobinsu. A Zamfara, agwagi ne suka fara ƙarewa a farkon 2010, ba wanda ya kula, kafin gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, nan maƙwabtanmu. Yaron da dalmar jininsa ta kai maikirogiram 5 a desilita, a nemi inda gubar ke fitowa. In ya kai 45, batun maganin fitar da ita ake yi.

Mai fasa tsohon batirin mota, gidansa ma ana dubawa, don ƙurar dalmar batirin a rigarsa take zuwa wurin yara. Kada ka bar kula a bayan mota cikin rana. Littafin fita da biro ake cika shi, ba fensir ba.