Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar yarona

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki.

Ranar Litinin likita ya miƙo mini takardar gwaji, ya ce ba a ga ƙwayar ciwon hanta nau'in C a jinin yarona ba, mako 12 bayan ya gama shan magani. Ya ce wannan ita ce warkewar. Alhamdulillahi.

Da yawanku kun san shi da sikila. Gaskiyar ta ɗan fi haka sarƙaƙiya. Kafin aure gwaji ya nuna ni AA ne, mahaifiyarsa AS, don haka da ciwo ya bayyana an yi ta ƙananan maganganu, har wasu suka kai ga abin da ba zan maimaita ba. Sai da wata likitar jini ta sa aka sake auna ni da gwaji mai zurfi, aka ga ina ɗauke da gadon talasimiya, wata matsalar jajayen ƙwayoyin jini, wanda gwajin da aka saba yi kan iya tsallakewa. Nawa ya haɗu da S ɗin uwarsa. Likita, kin wanke baiwar Allah daga zargi, Allah ya saka miki da Aljanna.

Ƙarin jini ne ya riƙe shi, kuma ta nan ake kyautata zaton ciwon hantar ya shigo, tun yana ƙarami. Ban riƙe kowa a zuciya ba. A lokacin maganin da ake da shi allurar intaferon ce, sau ɗaya a mako, tare da ƙwayar ribabirin, har mako 48. An bayyana mana cewa jiki da kansa yana yin intaferon don yaƙar ƙwayoyin cuta, allurar ƙari ce kawai. To amma wane jiki? Saifarsa ta daina aiki yadda ya kamata, ga sinadarin ƙarfe da ledojin jini suka tara masa, wanda ke raunana fararen ƙwayoyin jini ya kuma wahalar da hanta. Duk daren da aka yi allura sai zazzaɓi da rawar ɗari, washegari ko kunu ba ya iya sha. Ita kuwa ribabirin jajayen ƙwayoyin take fasawa, ga yaron da dama nasa ba su isa ba. Ƙarin jini ya ƙaru, fararen ƙwayoyin suka yi ƙasa sosai, aka dakatar da allurar ba a kai ƙarshe ba. Cutar ta dawo.

Mun ji labarin sabon magani tun 2013, sofosbubir, amma a lokacin a Amurka dala 84,000 ake sayar da na mako 12. Ɗan kasuwar Kantin Kwari irina sai dai ya ji a rediyo. Sai da na Indiya mai sauƙi ya shigo, likitoci suka ga lokaci ya yi, ya sha ƙwayoyi kullum, ko ciwon kai na kirki bai yi ba.

Godiyata ta farko ga matasan Gwammaja da abokan sana'ata na Kwari. Saboda yawan ƙarin jini garkuwar jikinsa ta fara ƙin jinin wasu, sai a auna mutum biyar ɗaya ya dace. Akwai wanda ya rufe shago ya zo sau uku bai dace ba, na huɗu ma ya zo. Sai maƙwabcina Alhaji, mai sola, wanda firjinsa ya ajiye mana allurai wata da watanni lokacin da babu wuta, ko tsakar dare muka buga ƙofa sai ya buɗe. Goggo, kin bar ɗakinki kin kwana a tabarmar asibiti. Yaya, na san kuɗin hajjinki kika taɓa, duk da kin hana a faɗa mini. Ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji, limaminmu da jama'ar masallaci, Allah ya biya ku.

Talasimiyar tana nan, da ita da maganin rage ƙarfe. Ranar Alhamis mai zuwa za mu koma ƙarin jini, kuma muna neman mutum biyu masu rukunin jini O. Wanda ya samu hali ya yi mini magana ta akwatin sirri.